Kujerar Sa'adatu a Motar Hartum

Wannan babin ba don daɗi na rubuta shi ba. Na gaji da jin labarin nan a bakin mutanen da ba su ga komai ba. A gidan suna a faɗa, a zaman makoki a faɗa, har jikata ta kwaso min shi daga makaranta, wai an ce Haboba, wato ni kakarta, ce ta hana yara biyu zuwa Hartum saboda baƙin taurin kai. To ku matso, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Garba, ku ji shi daga bakin wadda ta tsaya a tashar motar garinmu Mai Wurno da ƙafafunta a ranar. In kun gama ji, wanda zai zage ni ya zage ni da hujja.

Shekarar da mahaifiyarmu Inno ta rasu ne, ina koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata. Dole in fara da Sa'adatu, don ƙananan cikinku da Larabci ya cinye wa harshe ba lalle su gane ba. Sa'adatu ɗiyar fari ce ga Yaya Garba, kuma a gidajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da shi a gaban mutane. Kunya ke nan. Kakanninmu sun zubar da kaya da yawa a hanya tun daga Sakkwato, amma ita sun iso da ita lafiya lau. Ana yaye Sa'adatu aka miƙa ta ɗakin Inno. Yaya kan ce da ita “ta ɗakin tsohuwa”, uwarta Rakiya kuwa “waccan” take cewa. Kada wani ya ce ƙi ne. Sau nawa Yaya zai sayar da albasa a kasuwar Sinnar, ya zaɓo takalmin da ya fi kyau, ya kawo min a ɓoye ya ce in ba ta a matsayin ni na saya? Duk abin da ya shafi yarinyar, Inno ce bakinta. Ita ta sa ta makaranta, ita ke zuwa jin sakamako ta rangaɗa guɗa a tsakar makaranta ba ruwanta da kowa. Da Inno ta kwanta dama, Sa'adatu ta koma gidan ubanta, gidan da ake son ta amma babu mai iya buɗe baki ya ce tawa ce. Maganarta ta dawo hannuna, ni goggonta. Kowa a unguwa ya san haka.

A babban hutu wasu matasan injiniyoyi suka zo daga Hartum, suna zaga garuruwa suna koya wa 'yan makaranta haɗa robot. Sun yi Managil, sun yi Sinnar, mu ne na ƙarshe. Warsha suke kiran abin, kuma gaskiya warshar ce, aikin hannu ne ba zaman jin lacca ba. Babbansu muna ce masa Bashmuhandis Haisam, wato babban injiniya, dogo ne mai saurin magana, kullum kamar ana jiransa a wani wuri. Shugaban makaranta ya ce in kula da 'yan matan tunda ni ce ta lissafi. Da labari ya shiga gari wai za a ƙera mutum-mutumi a makarantar mata, sai ga limamin unguwarmu da sandarsa. Ya leƙa ya ga ɗan akwati da ƙafafun roba da wayoyi ja da baƙi, ba kai ba hanci.

“Wanga ai keken yara na,” in ji shi. Ya yi mana addu'a ya tafi abinsa.

Aka raba yaran bibbiyu, kowane tebur da kwalin kaya da kwamfuta. Sa'adatu ta zauna da ɗiyata Maryama, don tun suna rarrafe ba a raba su. An manna baƙin salatif a daɓen aji, ya yi ta lanƙwasa kamar tur'ar da ke kai ruwa gonaki, aikin kuwa shi ne robot ya bi layin nan da kansa ba mai taɓa shi. A ƙarƙashinsa akwai 'yan idanu biyu da ke bambance fari da baƙi. To amma ido ba ya tunani, sai an zauna an rubuta masa a kwamfuta: in idon dama ya ga baƙi, ƙafar dama ta rage gudu, in na hagu ne, ta hagu ta rage. Wannan rubutun shi suke kira barmaja. A rubuta, a ɗura masa ta waya, a ajiye shi a ƙasa, ya zabura ya daki bango, a kwashe da dariya, a ɗauko a sake. Wuta ta ɗauke, a tayar da janareta. Ƙaurin dalma ya kama mana tufafi har gida. Ban taɓa ganin 'yan matan nan sun manta da cin abinci ba sai a kwanakin. Maryama hannu gare ta, ba wadda ta kai ta tsaftar liƙa waya, kuma ba don ɗiyata ce nake faɗa ba. Amma in aka zo gaban kwamfuta sai ta ja kujera baya ta ce, “Sa'a, zo ki yi masa magana, ni ba ya jin tawa.”

Akwai abin da ya hana kowa sakat. Da safe robot ɗin kowa ya bi layi tiryan-tiryan, da rana ta karkata sai duk su rikice, su bar layi su yi ta zagaye. Sa'adatu ta kwanta rub da ciki a daɓe tana bin nata da ido, har ta gano hasken da ke shigowa ta taga ne ke ruɗa idanun, baƙin ya daina zama baƙi a wurinsu. Ta koma kwamfuta ta rubuta masa cewa kafin ya tashi ya fara duba farin wurin da baƙin wurin a hasken da ake ciki, ya riƙe, sannan ya kama hanya. Aka ajiye shi a tsakiyar rana ya bi layi har ƙarshe. Bashmuhandis ya sunkuya ya karanta abin da ta rubuta, ya daki tebur.

“Wa ya koya miki wannan?”

“Ba kowa, Ustaz,” ta ce, kanta a ƙasa.

Ya yi murna har zuciyarsa, wannan ba zan hana shi ba. Ashe a kowane gari yarinya ɗaya suke ɗauka su tafi da ita Hartum, ta ƙarasa hutun a babbar warsha tare da 'yan jami'a, kuma wadda ta yi fice hanyar karatun injiniya ta buɗe mata. Kujera ɗaya tal. Ya ja ni gefe ya ce ta Mai Wurno ta Sa'adatu ce, ba tantama. Sannan ya ɗora da maganar da ta ɓata komai.

“Amma sai na ji daga bakin ubanta, ya Ustaza. Na sha wahala a wasu garuruwa. Mu zaɓi yarinya, ranar tafiya uba ya ce bai san zancen ba.”

“Bashmuhandis, kada ka je wurin ubanta,” na ce. “Ɗiyar fari ce. Ba zai iya ce maka e ba, ko da son tafiyar zai kashe shi. Maganarta a hannuna take, kuma na ce ta tafi. In namiji kake so ka ji, in kira maka ƙanen ubanta.”

Ya yi wani ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa tsohuwa in ta kawo maganin gargajiya asibiti.

“Uba uba ne a ko'ina, ya Ustaza.”

Na sake yi masa bayani dalla-dalla, da Larabcin da ba shi da abin gyara a ciki. Yana gyaɗa kai yana kallon wani wuri. Har yau in na tuna gyaɗa kan nan sai in ji zuciyata na tafasa. Mutumin da zai kwanta a ƙasa da yara yana neman abin da ya sa akwati ya kauce layi, ya kasa tsayawa ya ji yadda mutane suke. Bayan la'asar, ba tare da ya gaya min ba, ya ɗauki shugaban makaranta suka nufi gidan Yaya. Shi ma shugaban baƙo ne, Balarabe daga arewacin ƙasar nan, ya daɗe yana cin gurasarmu ta kisra amma bai taɓa tambayar yadda muke zaune ba.

Abin da ya faru a can na ji shi daga bakin shugaban, na kuma ji daga bakin Sa'adatu, ba su saɓa ba. Yaya ya shimfiɗa musu dardumar da ya fi ji da ita, aka kawo dabino, aka ɗora jabana, tukunyar gahawa. Sa'adatu ce ta kawo tiren shayi bakin ƙofa, ta tsaya bayan labule tana jiran ƙanenta ya karɓa. Bashmuhandis ya shiga zuba yabo, ɗiyarka kaza, ɗiyarka kaza, ba mu ga irinta ba tun daga Managil. Ku da kuka san Yaya kun san halin da ya shiga. Gumi ya karyo masa, ya kafa wa darduma ido.

“Waccan? Ba ta iya komai ba, Bashmuhandis, wasan yara ne. In mai ƙwaƙwalwa kuke nema, ga ɗiyar ƙanwata, Maryama. Ita ta cancanta.”

Da akwai Bahaushe ko ɗaya a kan dardumar nan, da ya san abin yi. Sai a yi dariya a ce, a'a Malam, mu dai waccan muke so. Shi kuma ya ce, to ku ji da goggonta. Shi ke nan an gama, a sha shayi. Haka ake neman karatu, haka ake neman komai na ɗan fari tun kafin a haife mu. Amma Bashmuhandis ya gyara zama ya ce, “Wato ba ka yarda ta tafi ba?” Yaya ya ce shi ba shi da ta cewa a kanta. Suka shanye shayinsu suka fito.

Washegari ranar rufe warsha ce, iyaye mata sun cika tsakar makaranta. Robot ɗin Sa'adatu da Maryama ya bi layi aka yi ta tafi. Sai Bashmuhandis ya miƙe ya ce wadda za ta wakilci Mai Wurno a Hartum ita ce Maryama. Maryama ta yi tsalle, sannan ta waiga ta ga fuskar Sa'adatu ta tsaya cak. Matan kuwa ni suka zuba wa ido. Na ji wata a bayana ta ce, “Malama ta iya allonta. An ba ta tsaron yara ta cusa tata.” Ban ko waiga ba, na ratsa mutane na same shi.

“Uban ya ƙi, a gaban shaida,” ya ce. “Shi da kansa ya ba da sunan ɗiyarki. In yana da wata magana, ya zo ya faɗa min da bakinsa kafin mu tashi gobe da safe.”

Na tarar da Sa'adatu a gidansu ta tsuguna tana wanke-wanke, kamar ba abin da ya faru. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ta san ba haka ke ran ubanta ba.

“Na sani, Goggo. Na san al'ada ce.” Ta ci gaba da cuɗa tukunya. “Amma ina tsaye da tire na ji ya ce ban iya komai ba. Ko sau ɗaya ne, Goggo. Sau ɗaya.”

Daga nan ban zame ko'ina ba sai gonar Yaya ta bakin kogi. Na same shi yana juya ruwa a albasa, injin ban-ruwa na ta ƙara. Ban gaishe shi ba, ni da ban taɓa yi masa magana a tsaye ba.

“Yaya, ka toshe wa yarinya hanya.”

“Mi na yi? Abin da anka saba hwaɗi shi na hwaɗa. Su ba su da hankali na? Wa ka yabon ɗiyar hwari gaban baƙi?”

“Ba su da shi. Gobe za ka zo tasha ka faɗa da bakinka, ka kira sunanta, ka ce ka yarda.”

Ya saki fartanya. “Tasha? Gaban mutane? Zainabu, ki ji tsoron Allah. Baba har ya koma ga Mahalicci bai taɓa kiran sunana ba. Mi ya rage ni da shi?”

Na ce masa shi gona ya gada, gona ba ta tambayar suna, ita kuwa yarinyar nan kujera ɗaya ce Allah ya kawo mata har gida. Na ce da Inno na raye da ta ja shi da kunne har tashar. Na ce takalman da yake kawo min a ɓoye ya riƙe abinsa, na gaji da karɓar godiyar da ba tawa ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, masu gonakin kusa duk sun ji. Ya tafi ya kashe injin, wurin ya yi tsit. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Da na koma gida na tarar Maryama ta haɗa jaka, na ce ta kwance, kujerar ba tata ba ce. Ta yi kuka, na bar ta ta yi.

Da safe na kama hannun Sa'adatu muka tafi tasha. Motar injiniyoyin na tsaye ana ɗaure kwalaye a sama. Tashar ta cika: masu buhunan albasa, direbobin Sinnar, dattawan da ke shan shayi a gindin bishiya, sa'o'in Yaya ne duk. Maryama ta biyo mu daga nesa da jakarta, ashe ba ta kwance ba. Har na fid da rai, sai ga Yaya cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani. Ya zo ya tsaya gaban Bashmuhandis. Leɓensa na rawa, hannunsa na rawa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da muka binne Inno.

“Na'am, ya Hajj?” in ji Bashmuhandis.

“Sa'adatu,” Yaya ya ce. “Sa'adatu ɗiyata ce. Ta iya. Na yarda ku tafi da ita.”

Wani dattijo ya ce subhanallahi ya kau da kai, kamar wanda ya ga mutum tsirara. Sa'adatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe ba a gama ba. Bashmuhandis ya kalli Yaya daga sama har ƙasa, ya kalle ni.

“Shekaranjiya a'a, yau e. Gobe fa? Mu kai Hartum ya bugo waya ya ce a dawo masa da ita? Dubi yadda jikinsa ke rawa, ya Ustaza. Matsa masa aka yi, ina da ido. Ba zan ɗauki yarinyar da aka tilasta wa ubanta ba.”

Ina da ido! Kun ji fa. Mutum ya tuɓe kunyar da ya gada kaka da kakanni, a tsakiyar tasha, a gaban sa'o'insa, don ɗiyarsa ta shiga mota, wani ya ce wai tilas ce. Na yi masa bayani, direbobi suka sa baki, har dattijon da ya kau da kai ya taso ya ce, ya ɗana, ba ka san abin da bawan Allahn nan ya yi yanzu ba. Ko gezau. Ya riga ya yanke, kuma irinsu in sun yanke a gaban jama'a ba sa warwarewa, musamman in mu ne jama'ar.

“Magana ɗaya ce,” ya ce. “Ko ɗiyarki ta shiga, ko in ɗauki ta biyu a Sinnar, akwai yarinya tana jira.”

Maryama ta matso da jakarta, idonta a kaina. Yaya, ba tare da ya ɗago ba, ya ce da ni a hankali, “Bar ta ta tahi, Zainabu. Kada a yi asara biyu.” Ku ji wannan da kyau, don masu ba da labarin suna tsallake shi: ko a lokacin, ɗiyata yake nema wa. To ni in tsaya in ga wana ya zubar da mutuncinsa a ƙasa, ɗiyarsa na kuka cikin mayafi, ɗiyata kuma ta taka ta haye kujerar da aka san mai ita? Su zauna gida ɗaya da wane ido bayan haka? Na karɓe jakar daga hannun Maryama. Na ce da Bashmuhandis kujerar Mai Wurno ta Sa'adatu ce, shi da bakinsa ya faɗa, in ba zai ba mai ita ba ya tafi da abarsa, mu ba ma karɓar kayan da aka ƙwace wa namu. Ya ɗaga kafaɗa ya shiga mota. Suka tafi.

Yaya ya bi ta bayan kasuwa ya koma gida. Daga ranar ya bar zama gindin bishiyar, don marasa kirki sun laƙaba masa “mai kiran suna”, kuma bai sake taka gidana ba sai a ciwon ajalinsa. Sa'adatu ta gama sakandare, yanzu tana koyar da ƙananan yara a garin Suki, warsha kuwa ba a sake kawo mana ba. Wanda ya yi mata wannan ba ubanta ba ne, ba ni ba ce. Wanda aka gaya wa gaskiya tun kafin ya taka gidan ya ƙi ji, shi ne.

A hanyarmu ta komawa daga tasha, ina riƙe da jakar, Maryama na bayana. Ba ta kuka. Daidai ƙofar gida ta tsaya.

“Inna, ke da Kawu duk ɗaya ne. Shi ya hana ta don ɗiyarsa ce, ke kin hana ni don ɗiyarki ce. Da ɗiyar maƙwabta ce ni, da yanzu ina cikin mota.”

Na ce mata ƙarya take, nawa ba kunya ba ce, haƙƙi ne. Haka na ce a ranar, haka nake cewa yau, kuma ko an mayar da ni tashar nan jakar zan sake karɓewa. Maryama tana Managil da mijinta. Duk Juma'a ina kiran wayarta. Mijin ne ke ɗauka, ya gaishe ni da ladabi, ya ce tana salla.